Sulken Gagarau

Ku matso kusa, ku kife wayoyinku a kan tabarma. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba ta zo da dariya ba, kuma idan ta ƙare ba za ta bar ku ku tashi ba sai kun yanke hukunci.

A cikin garin Jos, a wata unguwa da ke gindin dutse, akwai wata malamar lissafi mai suna Rumasa'u. Iyayenta sun rasu sun bar mata ɗan ƙaramin gida da ƙane guda ɗaya, Shamwilu, wanda aka haifa da ciwon sikila. Ita ta raine shi. Ta san yadda idonsa ke sauya launi idan ciwo na shirin tasowa, ta san bencin asibitin da ba ya girgiɗi, ta san yadda ake ɗumama tawul a naɗe gwiwa da shi. Shamwilu ya kai shekarun da sa'o'insa ke neman aure, amma jikinsa bai wuce na ɗan sakandare ba. Ciwon ya cinye masa ƙashin kwatangwalo, har ta kai ba ya iya tsayuwa sai ya dafa bango. Sanyin Jos kuwa, musamman na tsakiyar damina, shi ne babban abokin gabarsa. Iska mai laima idan ta sato hanya ta taga, sai ta kwantar da shi kwana da kwanaki.

Abu ɗaya ne ke fitar da shi daga ɗakinsa ba tare da ya taka ƙasa ba, wato wani wasan labari da yake yi a waya. Matasa ne daga garuruwa daban-daban suka haɗu a wani zauren hira, suka ƙirƙiri duniyarsu. A labarin nasu, ƙasa ta bushe ta mutu, ragowar 'yan Adam sun shiga wani jirgi mai girman birni, suna keta sararin samaniya suna neman tauraruwar Zara. Kowane ɗan wasa yana da jaruminsa. Shi zai raɗa masa suna, ya ba shi hali da siffa, ya riƙa magana da bakinsa ta saƙon murya. Akwai mai jan labari, wanda ke jefo musu masifa, su kuma su faɗi yadda jarumansu za su yi da ita. A wajen jirgin babu iska babu ɗumi, saboda haka kowane jarumi yana da sulke mai na'urori, wanda ke ba shi numfashi, ya kuma kare shi daga sanyin da ke daskarar da jini.

Babbar dokarsu ita ce ba a cire kwalkwali. Ba a tura hoto, ba a tambayar mutum aikinsa ko halin da yake ciki. Abin da jarumi ya ce shi ne, to shi ne.

Jarumin Shamwilu sunansa Gagarau, mai tsaron Ƙofar Iska. Rumasa'u takan ji shi ta bango da la'asar, tana duba takardun ɗalibai, ya kumbura murya kamar ta fito daga cikin rijiya: "Ni ne Gagarau. Ba ni shiga ƙofa sai na sunkuya. Ƙirjina ƙyauren gari ne, damtsena turmi ne."

Sai ta ɗaga murya ta ce, "Gagarau, fito ka sha maganinka, kunun ma ya fara hucewa."

"Haba Yaya, ana yaƙi fa!"

"Yaƙin ya jira. Ƙyauren gari ma ai ana sa masa mai."

Ba ta son wasan da farko. Amma ta lura ranar da ya yi shi yakan ci abinci, sai ta zuba masa ido.

Wata shekara, da wasan ya bunƙasa, aka yanke shawarar a haɗu ido da ido karo na farko, a wani babban ɗakin taro a nan cikin Jos, a watan Agusta. Kowa zai zo cikin sulken jaruminsa. Aka ƙara doka: duk wanda ya shigo ɗakin cikin wata shiga da ba ta jaruminsa ba, to jaruminsa ya mutu a labari, ba ya dawowa. Zaure ya ɗauki murna. Shamwilu kaɗai ya ce ba zai zo ba. Da aka matsa masa, sai ya ce, "Ba ni da sulke."

Mutum uku ne suka ɗauki wannan magana da gaske. Akwai Zulai, mai zanen gine-gine a wani ofis a Kaduna. Akwai Tasi'u, ɗan gidan maƙera daga Zariya, wanda ya koma buga jikin mota. Akwai kuma Istifanus, mai gyaran waya da haɗa wutar sola, wanda ke can ɗaya ɓangaren na Jos. Suka haɗa baki a ɓoye za su ƙera wa Gagarau sulke. Da yake doka ta hana tambayar mutum tsawonsa ko faɗinsa, sai suka koma tsofaffin saƙonninsa suna saurara. Ya ce sai ya sunkuya a ƙofa, Zulai ta auna ƙofa ta ƙara taki. Ya ce damtsensa turmi ne, Tasi'u ya auna turmin mahaifiyarsa. Suka yi watanni suna aiki. Da suka gama, suka ce ya ba su kwatancen gida za su aiko masa da ɗan saƙo. Shi kuma ya bayar, yana zaton littafi ne ko turare.

Wata Asabar da hantsi, ana yayyafi, Rumasa'u ta ji sallama. Ta leƙo ta ga akori-kura a ƙofar gida, da baƙi uku, da wani abu a tsaye lulluɓe da tamfol. Suka yaye tamfol ɗin. Ƙarfe ne mai siffar mutum, baƙi da shuɗi, ya fi ƙofar gidan tsawo, kafaɗunsa sun kusa cike bayan motar.

"Mun zo wajen Gagarau ne, Anti," in ji Istifanus.

Rumasa'u ta buɗe baki za ta ce ba ya nan, sai ta ji ƙarar keken guragu a bayanta. Shamwilu ya riga ya gane muryoyin. Ya turo kekensa har bakin zaure, bargo a cinyarsa, hular sanyi a kansa.

Tasi'u ya dube shi da fara'a, ya ce, "Sannu ɗan ƙane. Yayanka yana ciki?"

Shamwilu ya daɗe yana kallon ƙarfen nan. Sannan ya ja numfashi, ya kumbura murya, ya ce, "Wa ya ba ku izinin tsayawa a Ƙofar Iska?"

Tasi'u ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Zulai ta ja mayafinta ta rufe baki. Istifanus ya cire hularsa yana murza ta a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

Shamwilu ne ya yi dariya. Ya ce, "Kai, kun yi aiki. Ai ni ƙafarsa ɗaya ma ta ishe ni ɗakin kwana." Ya yi musu godiya, ya juya kekensa ya koma ciki. Rumasa'u ta san wannan dariyar. Ta bi shi ta tsaya a bayan ƙofa, ta ji abin da ta san za ta ji.

Ta dawo ta same su inda ta bar su, ta ce, "Kun auna magana, ba ku auna mutum ba. Ku ɗauke abinku."

Ba su ɗauke ba. Zulai ce ta ce, "Yaya, mun yi kuskure. Ki ba mu dama mu sake."

Rumasa'u ta zayyana musu gaskiya ba tare da ta sassauta ba. Ƙaninta ba ya iya tsayuwa. Ba ya iya ɗaukar abin da ya fi butar alwala nauyi. Kuma idan sanyin Agusta ya shige shi a wannan ɗakin taro, daga can asibiti za a wuce da shi, in ma an kai. Ta zaci wannan zai sallame su. Maimakon haka sai suka dubi juna, kowa ya ɗauki matsala ɗaya.

Zulai ta ɗauki tsayuwa. Duk ƙarshen mako takan shiga mota daga Kaduna ta zo. Da yake ba zai yiwu budurwa ta sa hannu ta auna jikin namiji baligi ba, sai aka saki labule a tsakiyar falo. Zulai na wannan gefe da takarda da fensir, Shamwilu na wancan, Rumasa'u na riƙe da tef ɗin awo tana faɗa mata. Zulai ba ta tsaya a tsawo da faɗi ba. Takan ce, "Yaya, danna nan ƙasan ƙugu. Akwai zafi? Matsa baya kaɗan. Nan fa?" A haka ta zana taswirar ciwon Shamwilu gaɓa-gaɓa, kamar yadda take zana filin da za a yi gini, ta san inda ƙasa ke da ƙarfi da inda take burmawa. Ta yaga zane ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe ta gano dabara: ta ɓoye ɗan ƙaramin sirdi a cikin sulken, da sanduna biyu da suka sauka ta cikin ƙafafu har tafin takalmi. Mai kallo zai ga mutum a tsaye, alhali a zaune yake, nauyinsa na wucewa ƙasa bai taɓa kwatangwalo ba. Ta sa makulli a gwiwa, wanda ake dannawa daga cikin safar hannu. Sannan ta ɗaga kafaɗu, ta yi wa kwalkwali tukku, yadda ƙaramin jiki zai cika ido.

Sun sha faɗa ta bayan labulen nan. Shamwilu ya dage sai an sa bindigar kafaɗa.

"Gagarau ba ya fita ba bindigar kafaɗa."

"To Gagarau ya zo ya ɗauka da kansa. Kai dai ba za ka ɗauka ba."

"Ke wace irin mai zane ce, ba ki jin maganar mai kaya?"

"Irin wadda gininta ba ya rushewa."

Daga baya ta zana masa bindigar da soso, ba ta kai nauyin ludayi ba.

A lokacin an riga an kai lefen Zulai. Magana ta kai kunnen dangin saurayinta cewa tana zirga-zirga zuwa Jos gidan wani saurayi. Ta yi bayani, ta ce a zo a ga labulen, ba wanda ya zo. Saurayin ya ce ta zaɓa, ko Jos ko shi. A makon nan take tsakiyar warware matsalar makullin gwiwa, wanda in babu shi duk sauran zanen banza ne. Ta shiga motar Jos. Rumasa'u ba ta sani ba sai da ta tambaye ta wane launin anko za su yi, Zulai ta ci gaba da fiƙe fensir ta ce, "An zo an kwashe akwatunan, Yaya. Miƙo mini tef ɗin."

Tasi'u ya ɗauki nauyi. Sulken farko shi ne aikin da ya fi alfahari da shi tun da ya fara riƙe guduma, har tsofaffin maƙeran gidansu sai da suka zo kallo. Da hannunsa ya sa injin yanka ya farke shi, ya zaɓi ƙarfen da zai yi sandunan ciki, sauran ya jefa a kwandon tarkace. Fatar sulken kuwa ya ce ƙarfe ba zai yi ba. Ya bi 'yan gwangwan yana tsintar murafen tukwanen alminiyam da ɓallin jikin tsofaffin motoci, ya riƙa bugu har sai sun koma kamar ganyen ayaba, sannan ya yi musu ƙarfi da lanƙwasa, ba da kauri ba. Duk ɓallin da ya gama sai ya kawo Jos. Rumasa'u ta ɗora wa ƙaninta a tafin hannu. Idan ta ga jijiyar wuyansa ta motsa, sai ta girgiza kai, Tasi'u ya mayar da shi jaka.

Makullin gwiwar nan shi ya fi ba shi wuya, don zanen Zulai bai bar wurin kuskure ko na silin gashi ba. Ranar da yake goge shi da inji, laimar damina ta sa gilashin kare idonsa yana ta yin hazo, ba ya ganin layin. Ya ture gilashin sama. Wani ɗan tsinin ƙarfe ya tashi ya shige masa idon hagu. Taro ya matso, kuma ya san in ya kwanta asibiti ba mai ƙarasa aikin. Ya ɗaure idon da ƙyalle, ya gama gwiwar dama, ya gama ta hagu, sannan ya je. Likita ya ce ya makara.

Ya zo Jos da bandeji a fuska da gwiwoyi biyu a jaka. Rumasa'u ta ce, "Innalillahi! Tasi'u, me ka yi wa kanka?"

Ya ce, "Yaya, abin da ke duniyar nan na kallo ai ido ɗaya ma ya yi masa yawa. Gwada mana gwiwar mu gani."

Istifanus ya ɗauki sanyi. Gidansu da gidan su Shamwilu ba su da nisa a mota, amma tun rikice-rikicen da aka sha a garin, mutanen unguwannin biyu ba su cika taka wa juna ƙasa ba. Mahaifiyarsa ta roƙe shi har da hawaye kada ya je. A farkon zuwansa Rumasa'u kan fita bakin titi ta taro shi, su shigo tare ana binsu da kallo, har 'yan unguwa suka saba, mai shayi ya fara ce masa Injiniya. Istifanus ya sa aka ɗinka 'yar shara mai auduga, ya bi cikinta da siraran wayoyi masu ɗumi, layi-layi, ya fi yawaita su a baya da ƙugu inda Zulai ta nuna. Ya ce ba za a gwada ta a jikin Shamwilu ba. Shi ya riƙa sa ta, ya hau babur ya shiga ruwan sama, yana jin inda ta yi zafi da inda ta gaza. Wata rana na'urar daidaita zafin ta lalace yana tsakiyar titi. Kafin ya tsaya ya ɓalle rigar, wayoyin sun zane masa baya kamar waya ta zane nama a wajen mai tsire. Ya warke da tabo. Amma ta nan ya gano aibin, ya ƙara wata na'ura mai yanke wuta da kanta.

Sai babbar matsala ta taso. Batirin da zai riƙe ɗumin nan da fitilun sulke har a tashi taro ya fi ƙarfin sandunan. Zulai ta juya zane ta ce babu wurinsa. Tasi'u ya ɗaga shi ya ce ko kusa. 

Istifanus yana da nasa jarumin, Dafi, ɗan fashin sararin samaniya, babban maƙiyin Gagarau. Shekaru ya yi yana gina shi, kuma ya riga ya gama haɗa sulkensa, ja da baƙi, yana rataye a shagonsa. Sulken Dafi ba shi da wurin goya kaya, kuma ko da yana da shi, duk zauren ya san Dafi ba zai bi bayan Gagarau kamar bara ba. Istifanus ya ce, "Ni zan goya. A ja waya daga bayana zuwa bayansa."

Shamwilu ya ce, "Ka san doka fa. In ka shiga ba a Dafi ba, ya mutu."

"Na sani."

"To ni da wa zan riƙa faɗa?"

"Ka yi da Zulai. Ai kun saba."

Ranar taro aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Likita ya riga ya ce wa Rumasa'u shi bai ba da shawara ba. Ta kwana biyu tana juya maganar, sannan ta naɗe ƙaninta da bargo ta sa shi a mota. A wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar shiga, Tasi'u da Istifanus suka sa masa 'yar sharar, suka ɗaura masa sulke ɓalli-ɓalli, suka kifa masa kwalkwali. Istifanus ya sa wata toka-tokar riga ta ɗan dako marar suna, ya goya batir. A bakin ƙofa mai jan labari ya dube shi, ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya gyaɗa kai. Aka yi shelar mutuwar Dafi, ɗaki ya ɗauki salati da gunaguni.

Sannan suka ɗaga Shamwilu daga keke, ya danna abin da ke cikin safar hannunsa. Gwiwoyi suka ce ƙyas. Suka sake shi.

Rumasa'u ta miƙa hannu za ta tare shi, don hannunta ya saba. Ba a buƙaci hannun ba. Ƙaninta na tsaye a tsakiyar fili, ba bango ba sanda, shuɗiyar wuta na bin kafaɗunsa. Ya ja ƙafa ɗaya, ya ja ɗayar, a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa, ɗan dako na biye da shi da waya a tsakaninsu. Da ya kai gaban jama'a ya yi maganar da kowa ya haddace, muryar ta cika ɗakin. Aka yi ta ihu ana buga ƙafa. Shi kuwa sai ya sa hannu biyu ya cire kwalkwalin, abin da ba a taɓa yi ba. Suka ga ƙaramar fuska, da idanu masu ruwan ɗorawa, da gumi. Ya ce da muryarsa ta gaskiya, siririya, "Ni ne dai." Ba wanda ya yi dariya. Mai jan labari ya buɗe baki zai ambaci doka, ya mayar ya rufe.

Sanyi bai shige shi ba a ranar. Ya koma gida lafiya, ya yi makonni yana ba da labari ɗaya, Rumasa'u na yi kamar ba ta taɓa ji ba.

Ƙarshen damina ne ciwon ya kama shi a ƙirji. Aka yi ƙarin jini, aka sa masa iska, abin ya ƙi. Wata azahar ya farfaɗo ya kira yayarsa. Ya gaya mata wata doka da ba ta sani ba. A wasansu, idan ɗan wasa ya bar duniya, jaruminsa na binsa, sai fa in an miƙa sulkensa ga mutum ɗaya daga cikin 'yan wasa, ya gaji sunan da muryar da Ƙofar. Ba a raba sulke, ba a yin tarayya a jarumi.

Ya ce, "Kada ki bari Gagarau ya bi ni, Yaya. Shi bai taɓa ciwo ba. Ki ba ɗaya daga cikinsu."

"Wanne?"

"Na yi ta tunani, na kasa. Ke ce malamar lissafi."

Ta ce wannan ba lissafi ba ne. Ya yi murmushi ya rufe ido. Washegari aka kai shi makwancinsa.

Bayan an share makoki su ukun suka zo. Sulken na tsaye a kusurwar ɗakin Shamwilu, ɗan ƙarami, kwalkwalin na kallon taga. Ba wanda zai shiga cikinsa a cikinsu, don jiki ɗaya aka yi wa shi a duk duniya. Mai jan labari ya dakatar da wasa, ya bar maƙiya a bakin Ƙofar Iska ba mai tsaro, ya aiko cewa zaure na jiran magaji. In ba a samu ba, zai ja labari ya binne Gagarau.

Rumasa'u ta yi fatan biyu za su janye su bar wa ɗaya. Ba wanda ya janye.

Zulai ta ce, "Yaya, ba don abin da na rasa nake faɗa ba. Amma guduma ba ta san inda za ta buga ba sai an nuna mata, waya ba ta san inda ke ciwo ba. Tsayuwar nan a takardata ta fara. Kuma ba wanda ya san yadda Gagarau ke gardama kamata."

Tasi'u ya juyo da kansa gaba ɗaya, yadda masu ido ɗaya ke yi, ya ce, "Takarda ba ta taɓa ɗaukar mutum ba, Zulai. Ni na tambaye shi ko yayansa na ciki. Wannan kalma har gobe tana cina. Ku bar ni in tsaya masa a ƙofar nan, ko na samu in biya."

Istifanus ya ce, "Anti, da ya tsaya ɗin, da sanyi ya kama shi a wurin, da yau wani zance muke yi, da kuma mu muka kashe shi. Su biyun suna da jarumansu, gobe za su koma wasa. Ni na binne nawa a bakin ƙofa. In ban gaji wannan ba, ba ni da muryar da zan koma da ita."

Suka tafi suka bar ta da sulken. Rumasa'u ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Ta cire zanen Zulai a ranta, sai ta ga tulin alminiyam da wayoyi a ƙasa. Ta mayar, ta cire gudumar Tasi'u, sai ta ga takarda mai kyau a kan tebur da yaro a keke. Ta mayar, ta cire ɗumin Istifanus, sai ta ga ƙaninta ya faɗi a gaban jama'a yana karkarwa. Ta auna abin da kowa ya rasa, aure da ido da jarumi da fatar baya, ta ga ba ma'auni ɗaya ke ɗaukarsu ba. Ta riga ta binne ƙaninta sau ɗaya, kuma in ta ci gaba da shiru za a binne mata shi karo na biyu. Wayarsa na kan gado, saƙon mai jan labari na ciki yana jiran amsa.

Nan na kawo ta, nan zan sauke muku ita. Sulke ɗaya ne, ba ya rabuwa, kuma Rumasa'u na zaune tana jira. To, tsakanin Zulai da ta zana tsayuwar, da Tasi'u da ya ƙera ta, da Istifanus da ya goya ɗuminta, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya gaji Gagarau?